Guzurin Maniyyaci a Zamanin da Abinci Ke Cikin Kuɗin Kujera

Ya ku jama'a masu saurarenmu a Jajimaji da Nguru da Gashuwa, da sauran garuruwa da ƙauyuka na ƙasar Karasuwa da Bade da Machina, har ya zuwa inda muryar nan ke kaiwa a tsallaken iyaka.

Da yake watannin aikin Hajji sun ƙarato, maniyyata kuwa sun fara halartar bita a hedikwatocin ƙananan hukumomi, na ga ya dace mu tsaya yau a kan wata mas'ala wadda mutane da dama ke ɗauka ba ta kai a yi mata zama ba, alhali kuwa lafiyar tsofaffinmu da mutuncin alhazanmu suna rataye da ita. Mas'alar ita ce: mutumin da ya biya kuɗin kujera, aka kuma tabbatar masa cewa cinsa da shansa duk suna cikin abin da ya biya, shin akwai sauran dalilin da zai sa iyalinsa su kwana suna daka da suya domin su haɗa masa guzuri? Na ji wasu samari masu ilmin zamani suna cewa wannan al'ada ce ta zamanin jaki da salka, ta riga ta wuce. Ni ban yarda da su ba, kuma zan faɗi dalilina.

Ba mu kaɗai wannan tambaya ta dama ba. A Turai da Amurka akwai wasu manyan jiragen ruwa waɗanda ba fatauci suke yi ba, ba kuma wani gari suke nufa domin wata bukata ba, aikinsu kawai su ɗauki mutane su yi ta zagaya teku da su mako guda ko biyu don hutu da shaƙatawa. Ɗaya daga cikinsu, wanda ake kira Icon of the Seas, ya fara ɗaukar mutane daga Mayami a watan Janairu na 2024, yana kuma iya cin fasinja 7,600. A ƙarshen 2024 ɗin ita ma Saudiyya ta fara tayar da irin nata daga Jidda zuwa cikin Bahar Maliya. A waɗannan jirage kuɗin abinci yana cikin tikiti, tukunya ba ta sauka daga murhu dare da rana, amma duk da haka tambayar da fasinjoji ba su gajiya da yi ita ce ko za a bar su su shiga da ɗan abin taɓawa nasu. Amsar da kamfanonin suka saba bayarwa kuwa ita ce, busasshen abu wanda ke rufe cikin ledarsa ta masana'anta ana barinsa, amma girkin gida da ɗanyen nama da 'ya'yan itace ba a bari, saboda tsoron cuta da ƙwari, da kuma dokokin ƙasashen da jirgin ke yada zango. To idan mawadaci wanda ke kwana kusa da ɗakin girki bai natsu ba sai ya ji akwai wani abu nasa cikin jaka, ashe bukatar guzuri ba daga yunwa kaɗai take tasowa ba.

Mu Musulmi ba sai mun je da nisa neman hujja ba. Mufassirai sun ambata, Imamu Buhari kuma ya ruwaito daga Ibnu Abbas, cewa wasu mutanen Yaman sun kasance suna fitowa Hajji hannu rabbana, suna cewa su masu tawakkali ne, idan kuwa suka iso Makka sai su koma roƙon mutane. A kan haka ne aya ta 197 ta Suratul Baƙara ta sauka da umurnin yin guzuri. Abin lura shi ne, ba don an ji tsoron za su mutu da yunwa aka yi musu gyara ba, domin Makka ba ta taɓa rasa masu ciyarwa ba. An yi musu gyara ne don sun ɗora nauyin kansu a kan wasu, suka kuma kira wannan da sunan ibada.

Fuƙaha'u sun yi saɓani a kan ma'anar istiɗa'a, wato ikon da ke wajabta Hajji. Hanafiyya da Shafi'iyya da Hambaliyya sun sharɗanta samun guzuri da abin hawa. Amma mazhabar Imamu Malik, wadda ita ce malamanmu suka karanta suka karantar a zaure, ta tafi a kan cewa duk wanda zai iya isa Makka ba tare da matsananciyar wahala ba, yana amintacce a kan ransa da dukiyarsa, to Hajji ya hau kansa ko da a ƙasa zai taka, ko da kuwa ba shi da guzuri, muddin yana da sana'ar da za ta ciyar da shi a hanya. Haka Shehu Halilu ya tabbatar a Muhtasar. Kada wani ya ɗauka wannan rangwame ne ga mai son tafiya ziƙau. Malikiyya sun ɗauki sana'ar mutum a matsayin guzurinsa, kuma a kan wannan fatawa ne dubban kakanninmu suka kama hanyar gabas da allura ko aska ko allo a cikin gafaka.

Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi Hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya bi ta Ingila, amma wannan hanya ce ta sarakuna da manyan attajirai. Talakan Manga da Bade shi gabas yake fuskanta: ya gangara ta Gaidam ko ya nufi Yarwa, ya wuce Dikwa, ya haye kogi a Kusuri, ya ratsa ƙasar Wadai zuwa Abashe, ya shiga Darfur ta Jinaina da Fashir, har ya kai Al-Ubayyid inda dogo yake. Duk inda aljihu ya bushe sai ya sauka ya yi ɗinki, ko wanzanci, ko ga-ruwa, ko ya tara yara ya karantar da su. Bayan da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a 1925 kuwa, da yawa can suke tsayawa su yi kaka biyu ko uku suna tsinkar auduga kafin su ci gaba. Tafiyar takan ci shekaru, wasu ma ba su dawo ba, zuriyarsu na nan a Mai Wurno da sauran garuruwan Sudan har yau. Wanda Allah ya kai shi Sawakin, sai a killace shi don binciken lafiya, sa'an nan ya shiga jirgin da zai ƙetare da shi Bahar Maliya zuwa Jidda, a kan ruwan gishiri wanda ba a sha, ba kasuwa, ba gidan da za a yi sallama. Abin da ya ƙulle a bakin zanensa shi ne abincinsa.

A nan ne nake so in daɗe kaɗan, domin ƙasarmu ta gaji wani ilmi a wannan fanni wanda ba mu cika daraja shi ba. Mu mutanen gero ne da riɗi da gyaɗa, ga kifin Komadugu da na fadamun Nguru, ga dabbobi, ga rana wadda ke busar da kome cikin yini guda. Duk wanda ya taɓa ganin dattijuwa a Jajimaji tana haɗa wa mijinta ko ɗanta gumbar tafiya ya san abin da nake faɗi. Za ta surfe geron, ta bakace, ta wanke shi har ruwan ya fito garau, ta baza a tabarma ya sha iska. Sa'an nan ta zuba a turmi da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, ta daka har ya yi laushi, ta tankaɗe, ta sake shanya garin a rana tana juya shi da tafin hannu, tana murzawa tsakanin yatsu don ta ji ko da sauran danshi, domin ta san ɗan danshin nan shi ne zai sa ya yi tsami tun ba a yi nisa ba. Matafiyi ya ɗebi cikin hannu biyu, ya zuba ruwa, ya dama, ya sha, ya wuni a tsaye. Haka dambun nama, wanda ake dafawa har ya saki, a daka shi ya zama zare-zare, a soya har ya daina ƙara a cikin mai. Haka kantun riɗi da daƙuwa da ƙuli-ƙuli, haka nakiya wadda ke yin watanni ba ta sauya ba. Asirin duk ɗaya ne: a raba abinci da ruwa, a tsare shi da mai ko zaƙi ko yaji. Masunta da ke tafiya Tafkin Cadi su yi watanni, da fataken kanwa da gishirin Manga, da almajirai masu tafiya ci-rani, duk da wannan ilmi suka rayu.

To yanzu zamani ya sauya, kuma ba zan ɓoye alherin da ya zo da shi ba. Tun da aka kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006, al'amura da yawa sun daidaita. Ana ciyar da alhazai a Madina da Makka da Mina, ana kuma ba kowa kuɗin guzuri, wanda ya kasance dala 500 a 2024. Hana girki a tantunan Mina ma rahama ce, domin gobarar da ta tashi a can a 1997 daga tukunyar gas ta ci rayuka fiye da 300. Wanda ya biya sama da naira miliyan 8, kamar yadda maniyyatan 2025 suka biya, yana da haƙƙin a ciyar da shi, ba alfarma ake yi masa ba.

Sai dai abincin hukuma yana da lokacinsa da wurinsa, tafiya kuwa ba ta san lokaci ba. Maniyyaci zai bar gida da asuba, ya bi ta Bayamari da Dapchi zuwa Damaturu, ya sauka a sansani yana jiran jirgi, jiran da kan iya zama yini guda, yakan kuma zama kwana uku. Idan ya sauka a Jidda ko Madina akwai sa'o'in binciken takardu da jiran kaya. Tsakanin Madina da Makka akwai kilomita wajen 450 a mota, cikin harami. Daren Muzdalifa kuwa a fili ake kwana, motoci sukan cushe, mutum ya shafe rabin dare a kan kujera ko ya sauka ya taka. A duk waɗannan wurare babu wanda ya ci amanar kowa, amma babu mai miƙo faranti. Mai cewa ai ga kuɗin guzuri nan sai ya sayi abin da yake so, ya yi lissafi tukuna: dala 500 riyal 1,875 ke nan, ga wanda bai biya hadaya tun daga gida ba kuwa ita kaɗai za ta ci sama da riyal 700, saura kuma ya isar masa fiye da wata guda, har da tsarabar da jikoki ke jira.

Akwai kuma abin da ya fi wannan damuna, wato tsoho. Mutumin da ya shekara 70 yana buɗe baki da kunun tsamiya, yana rufewa da tuwon gero miyar kuka, ba za ka sauya masa ciki a mako guda ba. Za a kawo masa shinkafa da kaza da burodi, abinci mai kyau da tsabta, ya sa hannu sau biyu ya janye, ya ce alhamdu lillahi. Ba zai yi ƙorafi ba, domin yana ganin ƙorafi a kan abinci a ƙasa mai tsarki rashin ladabi ne. Sai dai kullum yana raguwa, har ranar Arfa ta riske shi ba ƙarfi a gwiwa. Kowa ya ji abin da zafi ya yi a Hajjin 2024, inda hukumomin Saudiyya da kansu suka ce mutum 1,301 suka rasu, kuma jikin da bai ci ba bai sha ba shi ne zafi ke fara kayarwa. Ɗan garin kunu da tsamiya, da garin kuka, da yajin daddawa wanda zai barbaɗa a kan shinkafar nan ta shiga, su ne za su tsayar da irin wannan dattijo a kan ƙafarsa. Tafasasshen ruwa kawai ake bukata, shi kuwa akwai shi a masauki. Mai ciwon sukari, wanda jinkirin abinci na sa'a biyu kan iya jefa shi cikin jiri da makyarkyata, a wurinsa ɗan abin da zai sa a baka ya fita daga babin mustahabbi ya shiga na larura. Amma tun da mun san yadda ciwon ƙoda da hawan jini suka addabi Gashuwa da kewayenta, ina roƙon duk mai ɗaya daga cikinsu kada ya bari ƙauna ta cika masa jaka da kilishi da yaji mai gishiri; ya je wurin likitansa, a Nguru ne ko a Gashuwa, ya lissafa masa abin da za a haɗa, a cire wanda za a cire.

Sa'an nan ga wata fa'ida wadda ba a auna ta da ciki. Ya tabbata a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yabi Ash'ariyyawa saboda idan guzurinsu ya yi ƙasa sukan tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai. Dattawan da suka hau jirgin ƙasa daga Nguru, tun da dogo ya iso garin a 1930, za su ba ka labarin yadda kafin a kai Birniwa ko Malam Madori kowa ya kwance ƙunshinsa, wannan ya miƙo dabino, wancan ya miƙo busasshen kifi, kafin a wuce Ringim a shiga Kano mutanen da ba su taɓa ganin juna ba sun san sunan garin juna. Wanda ke da guzuri yana da abin da zai ce bismillah da shi. A ɗakin Makka mai gado huɗu ko biyar, inda aka haɗa Bamange da Babade da Bafillace da Bahaushe, ƙwaryar gumba guda tana gyara zama fiye da wa'azi mai tsawo. Wanda ba shi da kome kuwa kullum shi ake miƙa wa, idan abin ya yi tsawo sai kunya ta tafi, daga nan ne ake samun waɗanda ke tsayawa a ƙofar masallaci suna zubar da mutuncin ƙasa baki ɗaya.

Duk da haka, guzuri yana da iyaka, kuma wajibi ne in faɗe ta ba tare da sassautawa ba. Wanda ya karɓi biza ya shiga ƙasar mutane bisa alkawari, Musulmi kuwa yana kan sharuɗɗan da ya ɗauka. Hukumomin Saudiyya sun hana shiga da goro, hukumar alhazai kuma ba shekarar da ba ta nanata wannan ba, amma har yanzu ana samun mai tura shi cikin matashin kai ko ƙarƙashin gari. Na san irin wuyar da rabuwa da goro ke yi wa wanda ya shekara 40 yana ci, ban kuwa raina ta ba. Sai dai kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma bai kamata mutum ya buɗe ibadar da ya yi shekaru yana tara mata kuɗi da ɓoye-ɓoye da rantsuwa a gaban ma'aikacin kwastan ba. Ya fara rage ci tun yanzu, kafin ranar tashi jiki ya saba. Mafi hatsari daga wannan shi ne saƙo. Kada ka karɓi ƙunshin da ba a gabanka aka ƙulle shi ba, ko da an ce maka garin kuka ne za a kai wa wata 'yar'uwa a Makka, domin ta wannan ƙofa masu fataucin ƙwaya ke shiga, hukuncin wannan laifi a can kuwa yana kaiwa ga kisa. Manja da man shanu da duk abin da ke tsiyaya a bar su a gida. A jakar hannu ma ba a barin ruwa ko mai da ya wuce mililita 100. Abin da aka yi da nama ko kifi dokarsa ta fi ta gari tsanani, saboda haka a tambayi jami'i kafin a yanka rago. Kada kuma a yi israfi: nauyin kaya ƙayyadadde ne, abin da zai cike giɓin kwanakin da na lissafa ya isa, a zuba shi a ƙananan ledoji masu haske waɗanda mai bincike zai ga cikinsu, a rubuta sunan kowane a jikinsa.

Maganata ta ƙarshe ga jami'ai da malaman bita take. Faɗin cewa kada kowa ya ɗauki abinci, kome akwai a can, magana ce mai sauƙi a baki, amma sakamakonta biyu ne: mai biyayya ya tafi hannu wofi ya wahala, marar biyayya ya ɗauki kome da kome har da abin da aka hana, tun da an haɗa masa halal da haram a ƙarƙashin hani guda. Abin da ake bukata shi ne a rubuta a takarda, abu kaza an yarda, abu kaza an hana, nauyi kaza ya isa, a karanta wa maniyyata da Hausa da Manganci da Badanci da Fulatanci, a kuma gayyato matan gida zuwa wannan zama ko da ba su ne za su tafi ba, domin su ne ke riƙe da turmi da tukunyar suya, kuma abin da suka ji da kunnensu shi za a samu a cikin jaka.

Allah ya kai maniyyatanmu lafiya, ya karɓi ibadarsu, ya dawo mana da su lafiya.